Darasi Bebe: Tsokaci a Kan Karatun Hausa ta Wayar Hannu a Shekarar Korona

Duk sa'ad da aka ta da zancen karatun da aka ce za a yi mana ta wayar hannu a shekarar 2020, amsa guda ce take fitowa daga bakin ɗalibai da malamai baki ɗaya, watau babu wuta, babu kuɗin data, malamai kuma suna yajin aiki. Daga nan sai a kaɗa kai, a ce Allah ya kyauta, a shiga wata hira. Ni ban musa ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, don kuwa a Wudil na yi zaman kullen nan, na kuwa san hanyar shagon caji. Amma a ganina akwai wata magana da ta ɓuya a ƙarƙashin waɗannan uzurori, wadda ta shafe mu masu nazarin Hausa fiye da ɗalibin lissafi ko na aikin injiniya, ita ce kuwa nake so in ɗan feɗe a wannan fili da Ƙungiya ta ba ni. Maganar ita ce, na'urar da ke aljihunmu babu abin da ta fi iyawa kamar ɗaukar murya, mu kuwa rabin fanninmu murya ne, amma sai aka mai da ita injin kwafe takarda.

Bari in fara tuna wa mai karatu yadda abin ya gudana, don mantuwa ta soma shiga. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya, wani mutumin Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 19 ga Maris Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da umurnin a rufe makarantu. Ranar 23 ga wannan watan ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani a kan tsarin biyan albashi na IPPIS da yarjejeniyar 2009, ba ta kuwa janye ba sai 23 ga Disamba, wata tara cur ke nan. A Kano an sami mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu, aka kulle jiha ranar 16, sa'an nan Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu ranar 27. A farkon wannan Afrilun ne Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umurci shugabannin manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet, kamar yadda sauran duniya ta yi, inda UNESCO ta ce rufe makarantu ya shafi ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi. Jami'o'i masu zaman kansu da dama sun bi umurnin. A na gwamnati kuwa, umurnin ya tarar da aji babu malami. Ba a soma komawa ba sai daga 18 ga Janairu 2021.

Saboda haka in za a faɗi gaskiya, karatun intanet na hukuma kusan bai wanzu gare mu ba. Abin da ya wanzu shi ne na sa-kai. Shugaban aji ya buɗe zaure a WhatsApp, wanda a lokacin ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, wani malami mai tausayi ya jefo abin karantawa don kada ƙwaƙwalwa ta yi tsatsa, waɗanda ke gaba da mu suka turo tsofaffin takardunsu. Da aka koma makaranta kuma, aka matse zangon karatu don a cim ma lokaci, sai zauren nan ya zama shi ne rabin aji. Wannan tarin abin da aka turo mana, tun daga kulle har bayan komawa, shi ne abin da na ɗora a gadon fiɗa. Ba kuwa don raina alherin waɗanda suka turo ba, domin babu wanda ya biya su ko kwabo a kai.

Garinmu Wudil gari ne na manyan makarantu. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a kan hanyar Gaya, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Ni ba ɗalibin ko ɗaya daga cikinsu ba ne, amma na ga yadda gari ya yi tsit da ɗalibai suka watse. Masu gidajen haya da masu abinci da masu shagon kwafi duk suka koma zaman jiran tsammani, motocin da ke ƙetare gada zuwa Maiduguri suka ɗauke, kara ta ranar Juma'a da ba ka iya jin maganar na kusa da kai saboda kukan shanu ta zama fili. Mu 'yan gari da ke karatu a wasu wurare kuma muka dawo, sai a shagon caji muke haɗuwa, kowa da 'yar wayarsa a hannu yana ɗaga ta sama yana neman sabis.

A nan ne lissafin ya fito mini fili. A wancan lokaci naira 1,000 takan saya maka data gig ɗaya da rabi na wata guda. Lacca ta sa'a ɗaya a Zoom, in da hoto, takan lashe ɗaruruwan megabait, ga shi na kyauta yana yankewa bayan minti 40, ga shi kuma dole kowa ya hallara a lokaci guda, da cajinsa da sabis ɗinsa. Wannan kam ya fi ƙarfin ɗan talaka, ba gardama. Amma saƙon murya na sa'a ɗaya bai kai megabait 20 ba. Yana sauka duk sa'ad da sabis ya leƙo, ko da tsakar dare ne, kana saurarensa sau goma ba ƙarin ko sisi, kana tura wa na kusa da kai ba tare da data ba, sa'an nan in ka zuba shi a mimori ko ƙaramar waya mai madannai za ta karanta shi. Masu tura waƙoƙi da fina-finai a bakin kasuwa sun shekara da shekaru suna cin abinci da wannan hanya. Watau dai uzurin tsadar data ya kare bidiyo, amma bai kare rashin murya ba.

To me aka turo mana? Takarda. Wata an buga ta a kwamfuta, wata hoton tsohuwar handawut ce da aka ɗauka a karkace, inuwar hannun mai ɗauka ta rufe rabin shafi, wata kuma littafi ne sukutum mai shafi ɗari biyu da za ka yi ta ja da yatsa biyu har idonka ya yi ruwa. A darasin tarihin rubutun boko, ko na rabe-raben jimla, wannan ba laifi, takarda ta isa. Inda abin ya zama abin takaici shi ne darasin waƙa.

Mai karatu ya duba mini wannan. An turo mana baitocin makaɗan baka a rubuce, aka ce mu fitar da salo da tsari. Alhali kuwa abin da ya sa Alhaji Mamman Shata ya zama Shata ba ya kwanciya a takarda: yadda yake sako magana a tsakanin bugun kalangu, inda yake jinkirtawa har ka ɗauka ya manta, sa'an nan ya faɗo daidai kan gaɓa, da yadda 'yan amshi ke karɓewa ya sami sararin shirya ɗa na gaba. Ka rubuta amshin nan sau talatin a takarda, ɗalibi zai ga maimaici ne kawai mai gundura, ya tsallake. A kunne kuwa shi ne ginshiƙin da waƙar take tsaye a kai. Haka kotson Narambaɗa da na Ɗanƙwairo, haka kuntigin Ɗanmaraya Jos, haka ƙwaryar Barmani Coge. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya tsara mana hanyar nazarin waƙar baka, duk sun nuna cewa kiɗa da rauji da amshi da wurin da ake yin waƙar suna cikin jikinta. Muna haddace wannan mu rubuta a jarrabawa, amma hanyar da aka bi aka koya mana shi ta ƙaryata shi. A da, in an ce babu rikoda a aji ko kaset ya tsinke, uzuri ne karɓaɓɓe. A 2020 kowane ɗalibi da rikodarsa a aljihu.

Wani zai ce to ai wannan waƙar baka ce, rubutacciya fa? Nan ma ɗaya ne, har ma ya fi tsanani. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Kalmar "gado" a takarda ba ta gaya maka na kwanciya ne ko na magada, "fari" ba ta gaya maka launi ne ko rashin ruwan sama, "kuka" ba ta gaya maka hawaye ne ko itaciya. Karin rubutacciyar waƙa kuwa, kamar yadda Farfesa M.K.M. Galadanci ya nuna tun 1975 da ya gwada ta da arulin Larabci, a kan nauyin gaɓa yake tafiya, wannan gaɓa mai nauyi, wannan marar nauyi, nauyin nan kuma sau da yawa tsawon wasali ne yake kawo shi. Ashe ke nan abin da ake so ɗalibi ya auna, shi ne ainihin abin da takarda ta ɓoye masa. Malami a aji yakan rera baiti sau biyu, ya buga tebur da hannu, nan take kari ya faɗa maka a kunne. Da aka ɗauke aji, aka bar mu da jadawalin ƙafafu da 'yan alamomi, sai aruli ya koma wani irin lissafi da ake haddacewa ba a san ɗanɗanonsa ba. Na ga ɗalibai masu kaifin kai, waɗanda in sun ji waƙa a rediyo suke gane inda ta karye tun kafin mawaƙi ya kai ƙarshen ɗango, sun tsani darasin nan ƙi na har abada. Minti uku na muryar malami da sun wadatar.

Kada kuma mu manta marubuta waƙoƙinmu ba don ido suka rubuta ba. Alhaji Aƙilu Aliyu da muryarsa jama'a suka san shi kafin a buga Fasaha Aƙiliya. Malam Aliyu Namangi kuwa, mai Imfiraji, makaho ne, bai taɓa ganin baitinsa ko ɗaya a takarda ba, da ka ya tsara, da baki ya fitar, wasu suka rubuta, almajirai da makafi suka yaɗa ta ƙofa ƙofa. Mutumin da ya yi wannan aiki ba da ido ba, shi ne aka ce mu nazarce shi da ido kaɗai.

Ko a wajen takardar ma, wayar ba ta bar mu lafiya ba, nan ne kuwa na ga abin dariya mai kama da kuka. Haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake Hukumar Talifi a Zariya, kafin nan da ɗigo a ƙasan harafi ko 'yar alama a gefensa ake nuna su. Da kwamfuta ta zo babu su a cikinta, sai Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera mata su a shekarun 1990, ya sa wa zanen haruffan suna Rabi'at da Abdalla, aikin da ya ceci ɗab'in Hausa shekaru masu yawa. Dabarar ita ce an ari gurbin wasu alamomi da Hausa ba ta bukata an zauna da haruffan a kai. Muddin kwamfutarka tana da zanen, lafiya lau. Amma da aka ɗebo waɗannan tsofaffin fayiloli aka watsa a wayoyin da ba su san zanen ba, sai aro ya koma wa mai shi: "ƙasa" ta fito "}asa", "ɗalibi" ya fito "]alibi", a wasu takardun kuma ka ga "qasa" da "xalibi" da "varawo". Har takardar darasin ƙa'idojin rubutu na gani a haka, tana yi mana gargaɗi a kan muhimmancin ƙugiya da haruffan da ba su da ita.

Ɗalibai kuma a nasu ɓangaren sai suka yar da ƙugiyar gaba ɗaya. A zauren masu nazarin Hausa, ba na masu sayar da atamfa ba, za ka ga an rubuta "ya bata" ka rasa ya ɓata ne ko ya ba ta, "an kare shi" ka rasa tsare shi aka yi ko gamawa da shi, "baki" ka rasa na magana ne ko na launi ko waɗanda suka zo daga nesa. Abin haushin shi ne matsalar ta riga ta warware tuntuni. Haruffan nan suna cikin tsarin Unicode da kowace waya ta zamani take aiki da shi, allon rubutu na Gboard kuma yana da Hausa, saitawa ba ta fi minti biyu ba. Da a ce ranar da aka buɗe kowane zaure an kafa doka cewa ba a amsa tambayar da aka rubuto babu ƙugiya, da wata tara ɗin nan sun fitar da ɗalibai masu hannu mai tsabta. Maimakon haka hannu ya saba da sakaci, sakacin kuma ya biyo mutane har cikin takardar jarrabawa, malamai masu duba ta su ne shaida.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa matsalar ba ta na'ura ba ce kaɗai, shi ne a daidai wannan lokaci, a wannan gari, da wannan sabis mai zuwa yana ɗaukewa, wasu sun yi karatu daga nesa ya kuma yiwu. Azumin shekarar ya kama ranar 24 ga Afrilu, cikin tsakiyar kulle, aka hana taron tafsiri. Malaman ba su ce a jira sai an buɗe masallatai ba, ba su kuma turo wa jama'a takarda ba. Sun zauna da mai jan baƙi a ɗaki, aka watsa ta rediyo da talabijin da Facebook, kafin sahur an yayyanka karatun ya shiga wayoyi, har tsohuwar da ba ta san bihim ba ta ji na ranar. Sun gane tun da daɗewa cewa Bahaushe da kunne yake karatu. Ai mutanen da suka riƙe Sashen Hausa na BBC tun 1957, suka ɗauki rediyo zuwa gona da bakin kogi, ba sai an koya musu sauraro ba.

Sai kuma marubutan nan, galibinsu mata, waɗanda mu a jami'a muka saba yi wa kallon hadarin kaji, jikokin abin da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Tun kafin korona sun bar maɗaba'a sun koma WhatsApp da Facebook da Wattpad. Marubuciya takan saki shafi ɗaya kullum a kan lokaci, ta ba da na ɗanɗano kyauta, in labari ya kama mutane ta ce daga nan sai an biya, ta buɗe zaure na waɗanda suka biya, ta kuma saurari ra'ayin masu karatu kafin ta rubuta shafi na gaba. Wasu kuma suka ɗauki littattafan suna karantawa da murya suna sawa a YouTube don waɗanda hannunsu ke cikin wanke-wanke. Ina da ja a kan rubutun da yawa daga cikinsu, ƙa'ida ba ta dame su ba, Ingausa ta yi musu katutu, wani labarin kuma an ja shi kamar ƙosai ya ƙi ƙarewa don kuɗi su ci gaba da shigowa. Amma a sanin yadda ake riƙe mutum ɗari biyu a waya kullum har wata uku, kowa yana jiran na gobe, sun yi mana fintinkau. Ɗan kaɗan kullum, a kan lokaci, da jin ta bakin mai karɓa. Darussanmu kuwa sukan zo ne kamar ruwan bazara, a yi mako uku shiru, ran nan a zubo fayil takwas a dare ɗaya.

(Ko a wajen ƙirƙirar kalmomi ma jama'a ba su jira mu ba. Kafin wani kwamiti ya zauna, 'yan jarida da mutanen gari sun ɗauko "takunkumi" daga bakin jaki sun ɗaura wa mutum, sun ɗauko "kulle" daga gidan aure sun faɗaɗa shi ya rufe jiha guda, maza suka ɗanɗana. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri.)

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. A ƙa'ida ɗalibin Hausa yakan fita neman bayanai ne a shekararsa ta ƙarshe, a gurguje, da kuɗin mota ƙalilan, ya je garin da ba a san shi ba, a yi masa 'yar hira ta kunya ya dawo. A 2020 kuwa annoba ta kwashe ɗaliban Hausa na dukkan jami'o'i da kwalejojin ilmi ta mai da kowa gidan ubansa, daga Wudil zuwa Gaya, daga Argungu zuwa Azare, ta zaunar da shi wata tara a tsakar gida ɗaya da kakarsa, babu inda za shi, ita ma babu inda za ta, ga rikoda a hannunsa. Tun da aka fara nazarin Hausa ba a taɓa samun masu tattara adabi da yawa haka, a warwatse haka, kusa da masu shi haka ba. Ba sai an keta dokar kulle ba, ba sai an shiga taro ba. Saƙo ɗaya ya isa: kowa ya ɗauko tatsuniya biyar, da waƙar niƙa ko ta daɓe ko ta raino, da kirarin sana'ar gidansu, da sunayen kayan aikin da aka daina amfani da su. Mu nan bakin kogi da mun kawo na masunta da na masu jirgin fito da zaurancen dillalan shanu. Wannan saƙo bai zo ba.

Mai karatu ya tuna da me magabata suka yi aiki. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, daga takardun da malamai suka rubuta da ajami da tawada. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tana rubuta maganarta da hannu, Baba kuwa ta rasu a 1951. Da an yi jinkirin shekara biyu, da babu littafin da duniya take karantawa a kan rayuwar matan Hausa na wancan zamani. Mu kuwa jinkirinmu ya faɗo a mummunan lokaci. A watan Afrilu da farkon Mayu na 2020 Kano ta yi ta binne dattawanta. Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa binciken gwamnati ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birni, mafi yawansu sun haura shekara 65, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama sanadin korona. A cikin waɗanda aka rasa a makonnin nan akwai Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba da Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila, Allah ya jiƙansu. Waɗannan jaridu sun rubuta su, wasunsu kuma sun bar littattafai. Tsohuwar da ta san waƙoƙin gaɗa na unguwarsu tun na zamanin Sarki Alhaji, da tsohon maƙerin da ya san kirarin kowane ƙarfe, su babu wanda ya rubuta, a lokacin kuwa jikokinsu suna ɗaki suna fama da hoton handawut.

Ba ina cewa murya za ta maye gurbin aji ba. Akwai abin da sai ido da ido, kamar malami ya hango fuskarka ya gane ba ka gane ba, ko musun da ake yi a ƙarƙashin bishiya bayan lacca, wanda sau da yawa ya fi laccar amfani. Ba na kuma mantawa da 'yan'uwanmu mata, waɗanda da yawansu komawa gida ta zama komawa madafa, wata wayar ma ta yayanta ce ko ta maigida, sai ya dawo da dare take taɓawa. Sai dai ko a nan, wadda ke tuƙa tuwo tana iya sauraro, ba ta iya karanta shafi ɗari biyu. Na kuma san malami mai yajin aiki ba a tilasta masa koyarwa, wata tara ba albashin kirki ba wasa ba ne. Shi ya sa ban ɗora wannan kaya a kan malamai su kaɗai ba. Tattara tatsuniya ba karya yajin aiki ba ne, aikin ƙungiya irin tamu ne, ƙungiyoyin Hausa kuwa a lokacin sun tafi hutu tare da makarantu, kamar Hausar ma an rufe ta. An sake samun wata takwas a gida a yajin aikin 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, babu annoba babu kulle, zaurukan kuma ba su sake zani ba.

Ni a zaman kullen na ɗauki muryar gwaggon mahaifina, minti goma sha biyu, tana waƙar daɓe tana tsayawa tana yi mini bayanin wadda ake yi wa habaici a ciki, tana dariya. Nauyin abin a waya bai kai na hoton handawut uku ba. Na san akwai irina da yawa da suka yi haka don sha'awa, amma kowa nasa yana cikin wayarsa, ran da ta faɗa ruwa ko aka sace ta a tasha shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma dogon hutu yana nan tafe kowace shekara, tsofaffin da suka rage kuma ba ƙaruwa suke yi ba.

Don haka ga roƙona ga shugabannin Ƙungiya. Kafin hutu mai zuwa a naɗa mutum biyu masu kula da taskar murya, a sayi ma'ajiya guda a ajiye kwafi a ofishin Sashe, wani kwafin kuma a intanet. Duk ɗan Ƙungiya ya dawo da abu uku aƙalla. A farkon kowane ɗauka ya faɗi sunan mai magana da garinsu da kimanin shekarunsa da ranar da aka ɗauka, ya kuma nemi izininsa a ji a cikin muryar, in mace ce mai kunyar a ji sunanta a sakaya. Wanda ya ɗauko shi zai juye shi a rubuce, da ƙugiya da raba kalmomi yadda ya kamata, a ajiye rubutun tare da muryar. Malamanmu na waƙa kuma, Allah ya ƙara musu lafiya, muna roƙon kowannensu ya ba mu rabin sa'a ya rera mana misalin kowane kari da ke cikin manhaja, mu ɗauka mu sa a taskar. Ni na gwaggo yana nan a shirye, na riga na juye shi, shafi huɗu ne da rabi.